Wata uku da littattafan binciken kisa daga ƙasashen sanyi

Mu shida ne muke haɗuwa duk ranar Asabar bayan la'asar a gidan yayana, kowa ya faɗi abin da ya karanta a makon. Ni ne na kawo shawarar mu ɗauki wata uku a kan littattafan binciken kisan kai na Suwidin da Norwe da Danmak waɗanda aka fassara zuwa Turanci. Na sayo guda biyar a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, muka riƙa karɓa-karɓa. Na ɗauka kowa zai ji daɗin da na ji. Ashe da sauran rina a kaba.

Yaya ne ya fara tayar da ƙura. Shekara talatin ya yi yana aikin ɗan sanda kafin ya yi ritaya, kuma bai wuce babi uku ba ya ajiye littafin. Ya ce da ni, "Kai, wannan mai fassarar ya zubar musu da mutunci. Ta yaya ƙaramin ɗan sanda zai kira maigidansa da sunansa gatsau, ba ranka ya daɗe, ba yallaɓai?" Na ce, "Yaya, kun yi gaskiya," don ni ma haka na zata. Sai daga baya na gano cewa tun wajen ƙarshen shekarun 1960 mutanen Suwidin suka watsar da kiran juna da muƙami. Kalma ɗaya ce, "du", ake faɗa wa likita da direba da shugaban ma'aikata, kamar a ce da kowa "kai" ko "ke". Mai fassara bai rage komai ba. Na koma na janye maganata, Yaya kuwa ya ce to ai abin ya fi muni, tunda da gangan suke yi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda na yi wa ƙanwata. Na miƙa mata littafin farko na Stieg Larsson, wani marubuci ɗan Suwidin, ban ce mata komai ba. Sunansa na Turanci, wanda ya fito a 2008, yana magana ne a kan wata yarinya mai zane a jikinta, sai ta ɗauka labari ne na jarumta. A harshen Suwidin kuwa, da ya fito a 2005, shekara guda bayan rasuwar marubucin, ma'anar sunan ita ce maza masu ƙin mata. Abin da ke ciki ke nan, cin zarafi dalla-dalla ba sakayawa. Ma'aikaciyar jinya ce, ta ga irin wannan da idonta, ba ta bukatar a karanta mata. Ta dawo mini da shi ta ce, "Yaya, da an bar masa sunansa na asali da na san abin da zan tarar." Tun daga ranar nake duba ma'anar sunan asali kafin in ba wani aro, in kuma faɗa masa inda labarin ya yi zafi.

Akwai malamin makaranta a cikinmu wanda shi abin da sauran suke kuka da shi ne ya burge shi. Labarin yana jan ƙafa, ana shan gahawa shafi bayan shafi, ana zaman taro, ana bin takardu, rana ta faɗi tun ƙarfe uku. (A Disamba hasken rana a Stokholm, babban birnin Suwidin, wajen awa shida ne kawai, don haka duhun ba ƙari ba ne.) Malam ya ce gawar da ke cikin labarin hanya ce kawai, abin da ake bincika shi ne ƙasar. Ya tuna mana da Maj Sjöwall da Per Wahlöö, marubuta 'yan Suwidin da suka rubuta littattafai goma daga 1965 zuwa 1975 da niyyar tona asirin ƙasar da duniya ke yabo a kan kula da talaka. Ya kuma kawo kisan firaministan Suwidin Olof Palme, wanda aka harbe a titi ranar 28 ga Fabrairu 1986 yana dawowa daga sinima da matarsa ba tare da masu gadi ba, aka kwashe shekara 34 kafin a rufe binciken a 2020. A ganinsa, wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ɗan sandan da ya gaji da duniya ba.

Matar Yaya kuwa ba jinin ne ya hana ta barci ba. Wani tsoho ne a cikin labarin da ya mutu a ɗakinsa aka yi makonni ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ce wannan ƙarya ce tsagwaronta, a unguwarmu mutum ya yi kwana biyu ba a gan shi a masallaci ba ai an aika yaro. Mun fi awa guda a kan wannan tsohon, har aka manta da wanda ya yi kisan. A nan na fi karkata ga Malam, don kaɗaicin nan shi ne abin da marubutan ke nuna wa mutanensu da yatsa, ko da yake ban iya shawo kanta ba.

Sunaye ma sun ba mu wahala, rabinsu suna ƙarewa da "son", sai da na riƙa rubuta su a takarda ina saƙalawa a bangon littafi.

Kafin wata ukun su cika mutum biyu sun koma karatunsu na da. Littafin da Yaya ya ajiye a babi na uku har yanzu yana wurinsa, kuma makon jiya ya aiko ɗansa ya tambaye ni ko ina da na biyunsa.