Talata: Omega Constellation a Kan Teburi

Aikin yau guda ɗaya ne, agogon hannu Omega Constellation na zinare mai inji lamba 561, ƙirar farkon shekarun 1960. A 1952 kamfanin, da ke garin Biel a Suwizalan, ya fara fitar da wannan samfurin. Kukan mai shi: agogon yana gudu, kullum sai ya ƙara mintuna.

Kafin komai sai da na duba cikin murfin baya. Ga lamba 750, ga ɗan hatimin kan mace da ake kira Helvetia, shaidar hukumar Suwizalan ta zinare karat 18 kafin 1995. Da karat 14 ne, kurege za a gani.

Abu biyu ke sa irin wannan gudu: maganaɗisu, ko tsohon mai. Na kanga ɗan kamfas kusa da shi, allurar ba ta motsa ba. Da na sa madubin ido sai ga matsalar: mai ya malalo kan siririn sifiri mai kamar gashi da ke daidaita bugun agogon, zagaye biyu sun manne. Sifirin ya gajarta ke nan, bugun ya wuce 19,800 a awa da aka ƙera shi a kai.

Na sauke ƙarfin babban sifirin da ke tuƙa injin a hankali, don in aka kwance inji da ƙarfin sifirin a jikinsa haƙoran giya na iya karyewa. Na warware shi, na wanke, na shanya cikin rufaffen kwano saboda ƙurar hunturu. Ƙananan duwatsu 24 masu rage gogayya ne a ciki, amma ba kowanne ke shan mai iri ɗaya ba: man Moebius 9010 ga masu saurin juyi, 9415 ga duwatsu biyun da ke tare haƙori, HP-1300 ga masu tafiyar hawainiya. Ɗigon bai kai kan allura ba.

Mai shi ya so a goge jikin ya yi ƙyalli. Na roƙe shi ya bari, kuma Alhamdulillahi ya yarda. Zinare karat 18 yana da laushi, kowace guga ƙarfe take ci. Ita ke dakushe kaifin kunnuwan da ke riƙe maɗauri, ta shafe taurari takwas da hoton ɗakin duban taurari da ke bayan murfin. Abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma masu saye nan suke fara dubawa. Ruwan ɗumi, sabulu da tattausan buroshi sun wadatar.

Gobe in Allah ya kai mu zan gwada tafiyarsa a kwanciya biyar, wato in ajiye shi ta fuskoki biyar daban-daban, kamar yadda aka rubuta a jikin injin.