Ranar da muka fara miƙa aiki a bakin gado

Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu ciwon daji, kuma duk tsawon shekarun nan a ofis muke miƙa aiki. Masu aikin dare su buɗe fayil, mu na safe mu riƙe biro, a bi gado-gado ana karantawa, ƙofa a rufe. Wanda ake maganarsa yana can kwance, ko sunan wadda za ta kula da shi yau bai sani ba.

Da shugabarmu ta ce daga yanzu a gaban mara lafiya za a riƙa yi, ina cikin masu gunaguni, don lokaci nake ji. Ta tuna mana cewa tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miƙa aiki cikin matakai tara da ta fitar don kare marasa lafiya daga kuskure, har ta ce a sa mara lafiya da danginsa a ciki. Tsarin SBAR muka bi: halin da ake ciki, tarihin ciwon, abin da nas ta gani, sai abin da ya kamata a yi.

A satin farko wani dattijo ya kashe mini baki. Kwanansa goma da karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Abokiyar aikina ta ce ya kwana lafiya, ba ƙorafi. Na juya na ce, "Baba, haka ne?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "'Yata, ban rintsa ba. Sanyi na ji har haƙorana na haɗuwa, ganin kuna ta fama ne ya sa ban kira ba." Na auna shi, zafin jiki 38.4. Duk wanda ya yi aiki a irin sashenmu ya san fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki daga cuta, sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, kuma zazzaɓin da ya kai 38 a wannan tsakanin ba ya jira. Muka kira likita, aka ɗibi jini, kafin awa ɗaya an sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Da a ofis muka zauna, "ya kwana lafiya" zan rubuta in wuce.

Ni ma na yi tawa katoɓarar, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ina karanta fayil ɗin wata baiwar Allah, bakina ya suɓuce na ce hoto ya nuna ciwon ya kai hanta. Ashe likita bai riga ya zauna da ita ba. Ga ƙanwarta a gefe, ga maƙwabciyar gado tana ji, don labule ba ya tare murya. Ta dube ni ta ce, "Sista, me kika ce?" Daga ranar muka raba abin biyu. Sakamakon da ba a gaya wa mutum ba, da duk abin da yake sirri, a ofis ake gama shi. A bakin gado kuwa sai mun tambaya ko ya yarda, da kuma wanda yake so ya zauna. Akwai wani saurayi da kullum yake cewa mu yi abinmu a waje, muka ƙyale shi. Mai barci ma ba ma tashinsa.

Sai kuma harshe. Dole muka rage kalmomin asibiti. Mu tambayi ciwo daga sifili zuwa 10, mu tambayi tashin zuciya da gyambon baki, mai shan mofin, maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, kuma mu tambaye shi bayan gida, tunda maganin na ɗaure ciki kuma kunya kan hana su faɗa.

Na ɗauka a takardar jin ra'ayi da marasa lafiya suke cikewa ranar sallama magani za su fi yabawa. Abin da na fi gani shi ne sun san sunan mai kula da su, sun san ƙarfe nawa za a yi musu me, kuma an tambaye su. Cin lokacin da nake tsoro ma, ashe minti uku ko huɗu ne a kowane gado, sai in an tarar da matsala. Dattijon nan kafin a sallame shi har ya fara riƙe 'yar takarda yana rubuta abin da ya faru da dare. Muna isowa zai gyara zama ya ce, "To 'ya'yana, ku fara, in kun gama in faɗi nawa."