Birni Ɗaya, Ciyamomi Takwas: Wa Muke Zaɓa Ya Riƙe Kano?

Duk lokacin da gidajen rediyo suka kawo labarin zaɓen magajin garin Landan ko na Istanbul, mai sauraro a Kano yakan ji 'yan takara suna jayayya a kan kuɗin mota, da kuɗin hayar gida, da kwashe shara, kowa yana baje abin da zai yi wa birnin baki ɗayansa. Landan ta fara zaɓen magajin garinta kai tsaye a shekarar 2000, kuma tun 2016 Sadiq Khan ne yake kan kujerar, duk da cewa a ƙarƙashinsa akwai gundumomi 32 masu nasu majalisun. Kano ba ta da irin wannan kujera. Abin da muke kira birnin Kano a yau an yanka shi gida takwas, wato Birni da Kewaye, da Dala, da Gwale, da Fagge, da Nassarawa, da Tarauni, da Kumbotso, da Ungogo, kowace ƙaramar hukuma da ciyaman ɗinta da kansilolinta da sakatariyarta. Don haka idan ana neman zaɓen da ya fi kusa da na magajin gari a nan, to zaɓen waɗannan ciyamomi takwas ne, kuma shi ne zaɓen da na ga mutanen birni sun fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ba laifin talakawa ba ne kaɗai, domin tarihin zaɓen ne ya koya musu haka. A watan Mayun 2014, lokacin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso yana APC, jam'iyyar ta lashe dukkan kujerun ciyamomi 44 na jihar. A watan Fabrairun 2018, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, aka maimaita haka, kuma abin da aka fi tunawa da wannan zaɓe shi ne hotunan ƙananan yara suna dangwala ƙuri'a da suka karaɗe kafafen sada zumunta. A watan Janairun 2021 APC ta sake kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484. Da gwamnati ta koma hannun NNPP, sai ranar 26 ga Oktoban 2024 hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ta bayyana cewa NNPP ce ta cinye ciyamomi 44 da kansiloli 484, ba a bar ko kujera ɗaya ba.

Duk wanda ya san siyasar Kano ya san ba haka zukatan mutanenta suke ba. A zaɓen gwamna na 2019, wanda ya kai ga zagaye na biyu har mazaɓar Gama ta ƙaramar hukumar Nassarawa ta yi suna a faɗin ƙasa, tazarar da ke tsakanin Ganduje da Abba Kabir Yusuf ba ta kai ƙuri'a dubu goma ba. A 2023 Abba ya samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya, Nasiru Yusuf Gawuna kuma, wanda shi kansa tsohon ciyaman ɗin Nassarawa ne, ya samu kusan dubu 890. Jihar da ta rabu kusan gida biyu daidai a zaɓen da hukumar INEC ta gudanar ba za ta wayi gari bakinta ya zama ɗaya tun daga Doguwa har Kunchi ba, sai dai idan wani abu ne ya faru tsakanin akwati da sanarwa, ko kuwa 'yan hamayya sun ga babu riba sun zauna a gida. Gaskiya ne cewa sau da yawa babbar jam'iyyar hamayya takan ƙaurace wa zaɓen, kamar yadda APC ta yi a 2024, amma ƙauracewar ita ma shaida ce a kan yadda 'yan siyasa suke kallon alƙalin wasan. A Abuja, inda INEC take gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida na babban birnin tarayya, zaɓen Fabrairun 2022 ya ba PDP uku ya ba APC uku. Mutanen Abuja ba su fi mutanen Kano wayewar siyasa ba. Mai riƙe da akwatin ne ya bambanta.

Zaɓen 2024 ya zo da nasa rikicin tun kafin ranar. Dalilin gaggawar shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, inda ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma ta haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Jihohi suka shiga rige-rigen shirya zaɓe don kada kuɗi ya maƙale. A Kano, KANSIEC ƙarƙashin Farfesa Sani Lawal Malumfashi ta fara sanya Naira miliyan goma a matsayin kuɗin fom na ciyaman da miliyan biyar na kansila, lamarin da ya kai jam'iyyu gaban kotu. Ana saura kwanaki kaɗan a kaɗa ƙuri'a, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta rushe shugabannin hukumar bisa hujjar cewa 'yan jam'iyya mai mulki ne, Babbar Kotun Jiha kuma ta ce a ci gaba da zaɓe, aka kuwa ci gaba. Sai a 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin na farko bisa cewa kotun tarayya ba ta da hurumin sauraron ƙarar. A cikin wannan hayaniya duka, ban tuna an zaunar da masu neman kujerar Fagge ko ta Dala an tambaye su abin da za su yi da kwatocin unguwanninsu ba.

Kuɗin fom ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Kansila shi ne wakilin mazaɓa guda, irin su Yakasai ko Gwammaja ko Rijiyar Lemo, mutumin da ya kamata a ce maƙwabci ne da ake haɗuwa da shi a masallaci da wurin jana'iza. Malamin firamare, ko tela, ko mai shago a Ƙofar Wambai da jama'ar unguwa suka yarda da amanarsa, ina zai samo miliyoyin Naira don sayen takarda kawai, ba a ma zo kan fosta da kuɗin wakilan akwati ba? Amsar a fili take: sai wani ya biya masa. Wanda aka biya wa kuɗin fom kuwa ya shiga ofis da bashi a wuyansa, kuma ba mutanen unguwa ne suke bin sa ba.

A nan ne nake ganin ainihin zaɓen yake, ba a rumfar ƙuri'a ba. Tun da kowa ya san ɗan takarar jam'iyya mai mulki shi ne zai ci, gumurzun yakan koma wajen fitar da shi, kuma a can ɗin ma ba kasafai ake yin zaɓen fid da gwani na ƙato bayan ƙato ba. Abin da aka saba ji shi ne an yi masalaha. Masu ruwa da tsaki na ƙaramar hukuma, wato ɗan majalisar tarayya da na jiha da kwamishina da shugabannin jam'iyya, sukan zauna su tace sunaye su miƙa sama, daga can kuma a sauko da suna guda. Waɗanda aka bari a baya su kira abin ɗauki-ɗora, su yi kwana biyu suna ƙorafi a shirye-shiryen siyasa na rediyo da daddare, daga bisani a lallashe su da alkawarin muƙami. Ba na cewa duk wanda ya fito ta wannan hanya bai cancanta ba, domin akwai masu ilimi da sanin ya kamata a cikinsu. Sai dai ma'aunin da aka auna su da shi shi ne biyayya ga uban gida da hidimar da suka yi wa jam'iyya, ba sanin yadda ake tafiyar da gunduma mai mutum rabin miliyan ba. Ƙidayar 2006 ta ba Nassarawa kaɗai mutum kusan dubu 600, Dala kuma sama da dubu 400, kuma kowa ya ga yadda garin ya tumbatsa tun daga lokacin.

Tantancewar da ta fi ɗaukar hankali a zaɓukan baya-bayan nan ita ce gwajin shan miyagun ƙwayoyi da hukumar NDLEA take yi wa masu neman takara, kuma a 2021 da 2024 an samu waɗanda suka faɗi gwajin. Abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma tsira daga wannan gwaji mafi ƙarancin abin da ake nema ne ga mai son riƙe amanar jama'a, bai kai a ce an tantance shi ba.

Abin da ya kamata a tambaye su kuwa a rubuce yake. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa aikin ƙaramar hukuma dalla-dalla: kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da banɗakunan jama'a, da kwashe shara, da magudanan ruwa, da ƙananan tituna da fitilunsu, da sanya wa tituna suna da lamba ga gidaje, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya matakin farko. Duk wanda ya karanta wannan jeri zai ga rayuwar ɗan birni ce ta yau da kullum, daga ranar suna har ranar da za a kai shi makwancinsa. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya don wannan aiki, kuma Kano da take da 44 ta fi kowace jiha yawansu, alhali Legas 20 kawai tsarin mulki ya san da su.

To amma a cikin birnin Kano, wa yake yin waɗannan ayyuka a zahiri? Shara tana hannun REMASAB, zirga-zirgar ababen hawa da 'yan adaidaita sahu tana hannun KAROTA, izinin gini da tsara unguwanni yana hannun KNUPDA, makarantun firamare suna ƙarƙashin SUBEB, manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari kuma gwamnatin jiha ce take naɗa masu tafiyar da su. Dukkansu hukumomin jiha ne da suke amsa umarnin gwamna. Kuɗin ma shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yake bi, kamar yadda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada, kuma gwamnatoci daban-daban sun yi amfani da shi wajen ayyukan da aka tsara daga gidan gwamnati. Sakamakon haka, gwamnan Kano shi ne magajin garin Kano a aikace, sai dai an zaɓe shi ne don ya riƙe jiha mai ƙananan hukumomi 44, inda manomin Tudun Wada da na Ɗambatta suke da haƙƙi a kansa daidai da ɗan kasuwar Singa. Ciyaman kuma ya zama mai biyan albashi da raba kayan azumi da halartar taro, wanda idan an kai masa kukan kwata sai ya ce aikin jiha ne, idan an je jiha a ce a koma sakatariya.

Dole in yi wa wannan tsari adalci ta fuska ɗaya. Jiha ba don ƙwace kaɗai ta karɓe waɗannan ayyuka ba, akwai abubuwan da ciyaman ɗaya ba zai iya ba ko da an sakar masa mara. Ruwan Jakara yana tasowa daga cikin tsohon birni, ya ratsa ƙananan hukumomi da dama, ya haɗu da na Getsi mai ɗauke da dattin masana'antun Bompai, kafin ya gangara madatsar Wasai a Minjibir. Ledar da aka zubar a kwata a wata unguwa ita take toshe hanyar ruwa a wata ƙaramar hukumar da damina, kuma mai adaidaita sahun da ya ɗauki fasinja daga Kabuga zuwa Yankaba zai ratsa iyakoki da dama ba tare da ya san ya ratsa ba. Mutumin da yake kwana a Panshekara ko Rijiyar Zaki, yake kasuwanci a Kwari, yake kai yaransa asibitin Murtala, rayuwarsa ta rabu tsakanin ciyamomi uku, ƙuri'arsa kuwa ta ɗaya ce. A zamanin En'e hukuma guda ce take riƙe da birni da kewayensa a ƙarƙashin Sarki, har zuwa gyare-gyaren da aka fara zamanin Gwamna Audu Baƙo da kuma babban garambawul na 1976 da ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa. Ba ina kewar En'e ba ne, iyayenmu 'yan jam'iyyar NEPU sun sha wuya a hannunta, amma daga baya an yi ta yanka birnin ana ƙirƙirar sababbin sakatariyoyi ba tare da an bar wata kujera da za ta dube shi a dunƙule ba.

Masu cewa a miƙa zaɓen ƙananan hukumomi ga INEC suna da hujja, kuma ina tare da su, ko da yake hakan sai an gyara tsarin mulki, gyaran da ba ya yiwuwa sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, waɗanda kowa ya san wa suke saurare. Amma ko an yi wannan gobe, za mu samu zaɓaɓɓun ciyamomi takwas na gaskiya ne a kan birnin da matsalolinsa ba su san iyaka ba. Abin da ya fi sauƙi, kuma yake cikin ikon Majalisar Dokokin Jihar Kano, shi ne doka da za ta haɗa ciyamomin birni takwas a majalisa guda mai kasafin kuɗi na bai ɗaya a kan shara da magudanan ruwa da tashoshi, a sanya REMASAB da makamantanta su riƙa ba ta bahasi a bainar jama'a, a kuma wajabta wa kowace sakatariya ta liƙa abin da ya shigo mata da abin da ta kashe duk wata a inda mai unguwa da ɗan garuwa za su iya tsayawa su karanta. Alƙaluman kason kowace ƙaramar hukuma dama ana wallafa su daga Abuja bayan zaman rabon arziki na wata-wata, ɓangaren kashewar ne ba a gani.

Su kuma gidajen rediyon Kano, irin su Freedom da ta fara aiki tun 2003 da sauran da suka biyo bayanta, suna da masu sauraro fiye da kowane gangamin siyasa. Sukan shirya muhawara ga masu neman gwamna, amma lokacin zaɓen ciyamomi filin yakan koma hannun sojojin baka, ana yabon gwani ana zagin abokin hamayya. Idan zaɓe na gaba ya matso, ina so in ji an kira masu neman Kumbotso da Ungogo, inda sababbin unguwanni suke tsirowa babu kwata babu makarantar gwamnati, an tambayi kowannensu nawa ƙaramar hukumarsa ta karɓa a bara, ajujuwa nawa ne ba su da rufi a mazaɓunsa, kuma maƙabartar da ta cika a yankinsa ina ya tanadi filin da zai maye gurbinta.