Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Jakar da ta hana mu zaman lafiya da maigida

Jama'a barkanmu da wannan mako, sannunku da haƙuri. Wancan satin mun tsaya a inda 'yan'uwanmu na Michika suka cika mana gida a Mubi, toh yau daga nan zan ɗora.

Michika ta faɗi hannun Boko Haram ran Lahadi 7 ga Satumba 2014, wasu daga cikin coci suka gudu da kayan sujada a jikinsu, haka suka iso mana ƙafa duk ta kumbura. Ni ce mai dafawa, don haka ni ce mai jin labari, in dare ya yi mata sun zauna gindin murhu kowa tana faɗin abin da ta baro. Abin da na lura ba wadda ta yi kukan talabijin ko kujeru. Wata satifiket ɗin yaranta take kuka, wata maganin sugan mijinta, wata kuma wayarta ta faɗi a daji kuma ba lambar kowa a kanta, ɗanta yana Legas amma ba yadda za ta gaya masa tana raye.

Shi ne na je kasuwa na sayo jaka irin Gana-mos-go ƙarama. Na naɗe takardun makarantar yara da na aurenmu cikin leda biyu, na sa garin kwaki da suga da ƙuli-ƙuli, ashana, tocila, maganin hawan jinin Mama surukata, sai ƙaramin Sabon Alkawari. Kuɗi kuma na ɗinke su a bakin tsohon zani. Kowane yaro na rubuta masa lambar babansa da ta ƙanwata ta Yola a takarda, na sa su haddace kamar ayar Sande Sukul. Jakar na ajiye ta bayan ƙofa.

Ai kuwa nan rigima ta tashi. Baban yara dattijon ikilisiya ne a cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), mutum ne mai addu'a na gaske ba na riya ba, da ya ga jakar sai ransa ya ɓaci, ya ce “Uwargida, wannan mene ne? Da safe muna karanta Zabura 91 ta kariyar Allah da yamma kina ɗaure kaya, yaran nan wanne za su gaskata?” A ganinsa jakar nan shaidar rashin bangaskiya ce, kuma in membobi suka ji matar dattijo ta shirya gudu kowa zuciyarsa za ta karye. Kuma kada ku ga laifinsa da sauri, maganarsa ta biyun nan tana da nauyi, tsoro yana yaɗuwa a ikilisiya fiye da kwalara.

Ni dai ban iya jayayya da shi da ayoyi ba. Mama ce ta raba mu, tsohuwar da ba ta yi boko ba amma shekarunta a Zumuntar Mata sun sa Littafi ya zauna mata a ka. Tana tsintar wake ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce masa “Ɗana, Zabura 91 ɗin nan ai Shaiɗan ma ya iya ta, da ita ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali, me Yesu ya ce masa?” Shiru. Ta ce Yusufu da mala'ika ya ce masa ya tashi, cikin dare ya ɗauki yaron da uwarsa sai Masar, bai tsaya ya ce ai Ɗan Allah ne ba abin da zai taɓa shi. Bulus ma a kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu. Daga baya ni na je na duba Nehemiya 4:9, inda suka yi addu'a ga Allah kuma suka sa masu tsaro dare da rana, duka biyun a aya ɗaya, da Matiyu 10:23 inda Ubangiji da bakinsa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani. Har yau ina mamakin yadda muke son ayoyin tsayawa muna tsallake na tashi, alhali hannu ɗaya ne ya ba mu su.

Maigida bai ce na yi daidai ba, kun san maza, cewa ya yi in mayar da jakar ƙarƙashin gado kada baƙi su gani.

Sai ga 17 ga Oktoba, babban hafsan tsaro na lokacin Alex Badeh, wanda shi ma ɗan Vimtim ne nan kusa da mu, ya sanar an tsagaita wuta. Kai, ku zo ku ga murna, wasu baƙinmu har sun fara lissafin komawa girbin dawa. Baban yara yana tsokanata wai a fito da ƙuli-ƙulin nan mu sha gari kafin ya yi fumfuna. Na yi dariya na ce ya bari tukuna.

Ran Laraba 29 ga wata da safe ya fita wurin aiki, ina wanki sai waya, wata 'yar Zumunta ce daga wajen Kwarhi inda hedkwatar EYN take, numfashi sama-sama take cewa sun shigo, ku tashi. Ban gama ajiye wayar ba muka fara jin ƙara daga nesa. Hanyar Mararaba wadda za ta kai mu Hong da Yola ta nan suke zuwa, don haka kowa ya juya gabas wajen iyakar Kamaru. Na kira maigida ba ta shiga, na sake kira ba ta shiga. A nan ne na yi addu'ar da ta fi kowace gajarta a rayuwata, a tsaye, hannuna ɗaya a ƙarƙashin gado: Ubangiji ka riƙe shi, ni zan riƙe waɗannan.

Na goya auta, babbar ta ɗauki jakar a ka, na kama hannun Mama. A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da Hajiya maƙwabciyarmu da jikokinta, takalmi ma ƙafa ɗaya ta saka, ta ce “Maman yara ina muka nufa?” na ce Hajiya mu dai bi mutane. Tare muka yi tafiyar nan ta hanyar Sahuda, tana salati ina kiran sunan Yesu, in Mama ta gaji mu zaunar da ita gindin itace a jiƙa gari a ba yaran duka, nata da nawa, kofi ɗaya yana zagayawa.

Dab da iyaka cajin wayata ya mutu, har lokacin ban ji muryar baban yara ba. Mako mai zuwa in Ubangiji ya bar mu zan ba ku labarin kwananmu a Kamaru, da yadda takardar da ke aljihun ɗana na biyu ta yi aiki kafin mu kai Yola.