Matar da na rubuta a gidan da ba nata ba

Wata shida ke nan da gama aikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi, amma har yau in na tuna ɗakin baya na wani gida da na shiga sai raina ya sosu.

Duk wanda ya taɓa aikin ya san ba a tambayar mutum nawa yake samu. Ko ka tambaya, wani zai rage don ya shiga, wani ya ƙara don kunya. Abin da ido ke gani ake bi: rufin ɗaki, daɓe, inda ake ɗebo ruwa, irin makewayi, yara nawa ke makaranta, ko akwai firji ko babur. Kwamfuta ta haɗa maki, ta ja layi, na ƙasa da layi su shiga. Ma'aunin talaucin nan na dala 2.15 a rana da Bankin Duniya ya sa a 2022, ya ɗaga zuwa dala 3 a 2025, yawan talakawa yake nunawa, daga binciken da ake yi a zaɓaɓɓun gidaje. Ba ya nuna maka ƙofar da za ka yi sallama. Wannan kuma aikinmu ne, mu masu yawo da fom.

A wajen horo sun maimaita mana har muka gaji: iyali ɗaya su ne masu ci daga tukunya ɗaya. Na rubuta a littafina, har da jan layi a ƙasa.

Ranar da abin ya faru, rana ta take, cajin na'urata ya kusa ƙarewa, ga sauran gidaje suna jira. Maigidan ya lissafo mini mutanensa, ya ƙare da cewa, "Sai matar marigayi yayana da 'ya'yanta uku, suna ɗakin baya." Na zuba su duka a fom ɗaya. Na ma gan ta tana wanki a bakin ƙofarta. Na ce, "Sannu da aiki, Mama." Ta ce, "Yauwa ɗana, sannu da rana." Ga murhunta nan daban a gefe, tokarsa ko hucewa ba ta yi ba. Da idona na gani, na wuce.

Shi ke nan firjinsa da babur ɗinsa da simintin ɗakinsa suka hau kanta.

Da aka liƙa sunaye, ta tare ni a hanya. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, ko ka manta da ni ne?"

Na cike takardar ƙorafi da hannuna. Mai kula da mu ya ce an riga an tura bayanai, sai lokacin sabunta rajista. Mutane na ta zagin kwamfuta wai ta zubar da mabuƙata ta ɗauki masu hali, kuma takan yi hakan. Wannan karon dai abin da na ba ta shi ta lissafa.

Tun daga nan, duk aikin rajistar da na fita, ba na tsayawa kan maganar maigida. Kowane babba na gani a gida sai na tambaye shi da kansa: "Jiya da dare wa ya dafa muku? Wa ya kawo abin dafawar?" In na ga murhu biyu, fom biyu nake buɗewa, ko da zan kai magariba ban cika adadin ranar ba.

Sau uku ina komawa bin takardar nan. Har yanzu sunanta bai fito ba.