Yadda Na Mayar da Shafi Huɗu na Littafin Zane Katun na Sakan 40

Littafin zane na jarumai ba ya faɗa maka tsawon lokacin da naushi ke ci. A akwati ɗaya jarumi ya ɗaga hannu, a na gaba mugu yana kwance cikin ɓaraguzan bango, mai karatu ne ke cike abin da ya faru a ɗan farin layin da ya raba su. Da na ɗauki shafi huɗu na labarin da na zana, akwati 22, zan mayar da su katun, a wannan farin layin aikin ya fi cin rai, domin fim ba ya barin giɓi.

Na fara da yanka akwatunan ɗaya bayan ɗaya, na jera su a manhajar tace bidiyo, na ɗauki muryoyi kafin in zana ko layi ɗaya. Nan matsalar farko ta fito. Maganar da ido ke lashewa nan take a takarda, kalma 30, baki sai ya yi sakan goma ko fiye kafin ya gama ta, jarumin kuwa yana rataye a sama yana jira. Na zubar da kashi biyu cikin uku na maganganun. Akwatunan da ke ɗauke da zancen zuci na cire su duka. Haka aka yi da The Dark Knight Returns na Frank Miller, littafin 1986 da aka fitar a katun kashi biyu a 2012 da 2013: an cire yawancin zancen zucin Batman, fuska da shiru suka ɗauki nauyin. Akasin haka ya samu The Killing Joke a 2016. Littafin gajere ne, sai aka ƙara masa kusan rabin awa na labarin Batgirl a farko, kuma wurin ɗinkin a fili yake. A ganina gara fim ya gajarta da a yi masa ciko.

Sai siffar shafi. Takarda a tsaye take, allo a kwance, faɗinsa fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton allo) 1920, tsayinsa 1080. Babban hoton da ya cika shafi guda ba ya shiga. Na sa kyamara ta hau daga takalmi zuwa fuska cikin sakan biyu, na ƙara zanen gine-gine dama da hagu.

Lissafin zanen shi ne wannan: hoto 24 a kowane sakan, sakan 40 ya zama 960. Idan kowane zane ya tsaya hoto biyu, sun koma 480. Wannan ba ragin wahala kaɗai ba ne. Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018, wanda ya ci kyautar Oscar, da gangan ya riƙa tafiyar da mutanensa a zane 12 cikin sakan, don kowace tsayuwa ta zauna a ido kamar akwatin littafi. Na bi wannan hanya a Blender, manhajar haɗa katun, sai jarumin ya fara karkarwa duk lokacin da kyamara ta motsa. Dalilin: kyamara na gusawa sau 24, shi yana gusawa sau 12, a kowane hoto na biyu sai ya zama kamar ya ja baya. Maganinsa a ɗaure matsayin jarumin da kyamara, gaɓoɓinsa kawai su rage a kan 12.

Dishi-dishin da kwamfuta ke sa wa abu mai gudu na kashe shi, yana wanke layin tawada. A madadinsa, tsakanin ɗaga hannu da saukar naushi na sa zane ɗaya mai hannu uku a jere. Bayan saukar na riƙe hoton har hoto huɗu. Ba tare da wannan riƙon ba naushin ba shi da nauyi.

Layukan jiki su ma sai da na rage. A takarda ƙirjin jarumin yana da layi fiye da 20 na tsoka, da aka maimaita su zane bayan zane sai suka riƙa motsi kamar tsutsotsi. Na bar biyar. A nan na ƙara girmama mai zane Bruce Timm da katun ɗin Batman na 1992: faɗin kafaɗa, murabba'in haɓa, baƙar inuwa, shi ke nan, kuma a kan baƙar takarda aka riƙa zana garin Gotham.

Ɗige-ɗigen da tsofaffin injinan ɗab'i ke bari su suka fi ba ni wuya. In ka manna su a allo, jarumin zai riƙa iyo a ƙarƙashinsu. In ka manna su a jikinsa, suna miƙewa a gwiwar hannu. Na taƙaita su ga inuwa da wurin haske. Don nuna nisa, na gusa ja da shuɗi da fiksel uku a kan abin da ke baya, kamar ɗab'in da launinsa ya kauce. Fiye da shida ido ke ciwo.

Da na tura gwajin ta WhatsApp, matse bidiyon ya mayar da ƙananan ɗigon laka. Na ninka girmansu, na rage yawansu da rabi, na sake dubawa a ƙaramar waya, sannan suka fito.