Daga albasar Abijan zuwa ƙanƙarar Maraɗi

Koyarwa aka shirya ni in yi, mahaifina ba ya da burin da ya wuce ya ji ana ce mini mushe, wato malamin makaranta. Amma a farkon shekarun 1990 albashin ma'aikata a Nijar kan yi watanni bai fito ba, sai na ajiye alli na bi motar albasar Galmi zuwa Abijan, da niyyar cin rani ɗaya. Sai da na haura shekara ashirin.

Albasa ba ta karɓe ni ba. Abin da ya juya mini hanya shi ne karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Kayan waje suka yi tsada nan take, sabon firigo ya fi ƙarfin talaka, kowa ya koma lallaɓa tsohon nasa. Kusa da rumfarmu a Adjame akwai wani dattijo mutumin Gana mai gyaran firigo, aiki ya yi masa yawa har yana korar mutane. Na roƙe shi ya ɗauke ni yaron shago, ina da gemuna. 'Yan garinmu sun yi dariya ƙwarai.

Wurinsa na koyi cewa yawancin firigon da ake kawowa da sunan ya mutu, kwamfiresansa, wato injinsa, lafiya lau yake. Gas ɗin da ke sanyaya shi ne ke zurarewa ta wani ɗan rami a bututu, sai ka shafa kumfar sabulu ka gano wurin, ka liƙe da walda, ka zuƙe iskar ciki sarai kafin ka ɗura gas. Gas ɗin ma ya canza a hannunmu. Da R12 muka fara, aka hana shi saboda yarjejeniyar kare muhalli ta Montreal ta 1987, aka koma R134a, yanzu kuma R600a ya cika gari. Wannan na ƙarshe yana kama wuta, shi ya sa yaron da na gani da sigari a shagona, ranar ya gama aiki.

Rikicin Kwaddibuwa na 2002 na daure masa. Na bayan zaɓen 2010 kam ya sa na kwaso iyali. 'Ya'yana sun iso Maraɗi Julanci ya fi Hausa zama a bakinsu, kakarsu tana ta salati.

Kuɗin da na zo da su ban gina gida ba, tsofaffin firiza na saya na gyara na fara ƙanƙara a leda. Dangi suka ce na zuba dukiyar kurmi cikin ruwa, kuma gaskiyarsu, ruwa nake sayarwa. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ya haura digiri 40, masu zoɓo da fura da mahauta kan yi layi tun da hantsi, in azumi ya faɗo ciki kuwa ba a magana. Da damina ta sauka ko sanyin hunturu ya shigo, kasuwa ta kwanta, gyara ne ke riƙe shagon.

Ribar ƙanƙara tana hannun wuta. Da Najeriya ta yanke mana lantarki a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, masu janareto suka ga man fetur yana cinye musu riba. Na ci bashi na sa farantan sola, na koma daskarewa da rana, da dare in lulluɓe firizan da barguna ba a buɗewa. Har yau ban gama biyan bashin ba.

Babban yarona na shago ya ce mini kwanan baya, "Baba Alhaji, Libiya nake so." Ban hana shi ba, da wane baki? Na ce ya bari sai hannunsa ya faɗa a waldar bututu tukuna. Ya yarda zai kai bayan babbar salla.